A-kori-kurar da gabanta ya lotse, ita ce mai kyau?

Manomi daga Taura:
Salamu alaikum jama'a. Na sayar da riɗin bana, ina son sayen 'yar a-kori-kura ta hannu, in riƙa kai kaya Gujungu ran Lahadi, in huta da kuɗin haya. To jiya yarona ya nuna min bidiyo a waya, Turawa sun ɗauki sabuwar mota dal sun maka ta da bango. Gabanta ya murƙushe kamar gwangwanin madara, wai kuma ita aka ba taurari biyar. Ni kam ban gane ba. Ba mai ƙarfen da bai lanƙwasa ba ce ta fi?

Bakanike, Ringim:
Wa alaikumus salam Alhaji. Da gangan ake ƙera gaban ya lotse, don shi zai shanye bugun kafin ya iso ƙirjinka. Inda ba a so ya motsa shi ne ɗakin da kuke zaune. Gwajin da aka fi sani, ana sako motar a gudun kilomita 64 a awa, kashi 40 cikin ɗari na gabanta, ɓangaren direba, ya daki shinge. Akwai mutum-mutumi a ciki, ɗaure da bel, cike da na'urori masu auna abin da ya sami kai da ƙirji da ƙafafu.

Kuma kar kamannin mota ya ruɗe ka. A 2018 Global NCAP, ƙungiyar da ke irin wannan gwajin tana ba motoci taurari, ta gwada a-kori-kura Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a lokacin a Afirka ta Kudu. Ka gan ta kamar tankar yaƙi, ga iyabag biyu, wato jakar iskar da ke fitowa ta tare mutum in an yi karo, amma ko tauraro ɗaya ba ta samu ba wajen kare manya, saboda ɗakin ne ya rufta, sitiyari ya taho kan direba. In za ka saya ka zo da ita in shiga ƙarƙashi, in duba ko an taɓa yanka shasin, wato ƙarfen da jikin motar ke zaune a kai, an yi masa walda.

Tsohon direba:
Shekara ashirin ina jan a-kori-kura, duk wannan lissafin na mutum biyu ne a gidan gaba. Wane Bature ne ya gwada da buhu talatin, mutum goma a kan buhunan, ga akuya? Wanda ke baya ba bel ba abin riƙewa, birki ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi. Da idona na ga yaro ya wuntsilo ta saman gilas, motar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Manomi daga Taura:
Allah ya kiyaye, Baba. To Malam bakanike, da niyyata in kai wa mai walda ya ɗaura min ƙaton ƙarfe a gaba saboda shanu.

Bakanike, Ringim:
Bar shi Alhaji. Zai hana gaban lotsewa yadda aka tsara, yana kuma iya rikita lokacin fitowar iyabag. Kuɗin waldar ka sa a taya da birki. Ina gareji ranar Asabar bayan azahar.