Ina so in mayar da shagon zaurenmu ɗakin tsofaffin gem, ta ina zan fara?

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema. Akwai shagon da ke zauren gidanmu, nan na yi zaman samartaka na, tun da ƙanina ya yi aure bara ya tashi ɗakin yake a rufe sai tarkace da buhunan masara. Ranar Asabar ina kwashe kaya sai ga Sega Mega Drive ɗina cikin wani kwali da kaset huɗu har da Mortal Kombat, ga kuma PS1 da murfinta ya ɗan tsage, wlh sai da na zauna a ƙasa na ma manta da sharar da nake yi. To shi ne nake so in gyara ɗakin ya zama na gem kawai, ni da abokai mu riƙa haɗuwa bayan isha'i. Na gwada jona Segar a plasma ta falo amma hoton ya yi wani dishi-dishi, kuma in na danna sai ɗan wasan ya yi jinkiri kafin ya motsa, ban sani ba ko injin ne ya tsufa. Sannan akwai ɗan wan babana a Amurka da ya ce zai aiko min Super Nintendo. Me ya kamata in fara saya, kuma yaya zan yi da maganar wuta? Ngd.

Injiniya_Sabongari:
Wa alaikumus salam. Malam injinka lafiyarsa ƙalau, plasmar ce ba ta dace da shi ba. Mega Drive ta fito a Japan a 1988, PS1 a 1994, duk don talabijin mai ƙeya aka ƙera su. Ita ta zamani sai ta karɓi hoton ta buɗa shi ya cika fuskarta kafin ta nuna maka, wannan aikin ne ke kawo jinkirin da kake ji a hannu, shi ne kuma ke sa hoton ya dagule. Ka nemi mai ƙeya inci 21 ko ma 14, Sony ko Sharp ko Panasonic, ka tabbata tana da ramukan nan uku na AV, ja da fari da ruwan ɗorawa. Ka zaga wajen masu gyaran rediyo a Sabon Gari, da yawa suna da waɗanda aka kawo gyara aka ƙi dawowa ɗauka, amma kar ka biya sai an kunna a gabanka ta yi kamar minti 20, wata sai ta ɗau zafi take fara nuna halinta.

Yanzu maganar da ta fi komai, kayan Amurkan nan. Wutarmu 230 ce, tasu 120, ta Japan 100. Ranar da ta iso ka danne zumuɗi, in ka cusa adaftarta a soket kai tsaye ƙauri kawai za ka ji. Sai ka sayi sitef-dawun, wato na'urar rage ƙarfin wuta, ko a nemo maka adafta mai karɓar wutarmu wadda ke fitar da daidai abin da aka rubuta a ƙasan injin. Kuma su tsarin hotonsu NTSC ne mu PAL, in talabijin ɗin ba mai karɓar duka biyun ba ce za ka ga Mario baƙi da fari, ka duba a jiki ko an rubuta multi system. Ka ce wa ɗan uwan naka ya haɗo da kaset daga can, don na Turai ba sa yi a kanta.

Kowace adafta ka liƙa mata takarda da sunan injinta. Ta NES ta asali, wato Nintendon da ta riga Super Nintendo fitowa, AC take fitarwa, Sega kuma DC take ci, bakinsu na iya shiga juna amma in ka musanya ka yi asara. Sitabilaiza ɗaya mai kyau ta ishe ka, in an ɗauke wuta ka zare komai, dawowarta ce ke kisa. Sannan ko da wasa kar ka buɗe bayan mai ƙeya da kanka, tana riƙe wuta mai ƙarfi ko an zare ta.

Sarkin_Winning:
Hhhh kai Dan Tudun Wada ka tuna min da nisa wlh. Injiniya ya gama magana ni dai abu daya zan kara, daki ba PS2 ai ba dakin gem bane, ka nemo ta da hannu biyu masu kyau da memori kad na 8MB kasa Winning Eleven shikenan ka gama, mu da muka tashi a gidajen gem na Samaru mun san dadin abin, wanda aka ci ya mika hannu ya koma layi, kowa ya dauki Brazil ya tura Roberto Carlos gaba saboda gudu da karfin shot, a Master League kuwa in ka sayi Tijjani Babangida namu na Kaduna to ba mai kamo shi sai dai a yi masa keta. Kuma kar kasa kujeru, leda ka shimfida da kafet da tumtum biyu uku, gem din da a kasa ake buga shi wayar hannun ma bata da tsawon da zaka koma kan kushin. In ka shirya ka kira ni in zo in koya maka kwallo.

Maman_Ilham:
Sannunku. Ni ba gwana ba ce, amma mai gidana yana da irin wannan ɗakin a Gyallesu kuma ni ke fama da shi, don haka ku bar ni in faɗi nawa. Ƙura. In hunturu ya shigo Zariya ko ka rufe taga sai ta shiga, PS1 ɗinsa sai da ta daina karanta faifai yana ta kifa ta yana juyawa kamar mai gasa masara, ashe idon ne ya yi datti. Yanzu na ɗinka wa kowane inji riga da ragowar atamfa, kaset kuma suna cikin roba mai murfi. Ka sa kafinta ya buga maka kanta a bango, kar ka ajiye komai a ƙasa, shagon zaure da damina yana tsatsafo da danshi ga gara, balle ka ce an taɓa ajiye masara to akwai ɓera, su kuwa waya suke ci. Hura kaset da baki da kuke yi shi ma ku daina, yawu ne ke shiga ya sa tsatsa, auduga da ɗan isfirit ake goge bakin da shi.

Sai kuma ka sa kwaɗo, ka yanke wa yaran gida lokaci tun ranar farko. Mu nan sai an dawo daga Islamiyya ranar Alhamis da Juma'a, in ba haka ba zaurenka zai koma gidan gem na unguwa. Kuma Mortal Kombat ɗin nan a ɓoye shi sama, ba na yara ba ne.

Ɗan_Tudun_Wada:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya ka cece ni, da wlh ranar da ta iso zan jona. Ashe ma akwai tsohuwar Sharp a ɗakin Hajiyarmu an rufe ta da zani an ɗora kwanuka a kai, na tambaye ta ta ce in ɗauka amma in bar mata teburin. Tambaya ɗaya ta rage, ƙaramin inbata na sola da nake da shi zai ɗauke ta? Hajiya Maman Ilham an ji, za a sa shi sama, duk da har yau ban manta A B A C A B B ba, maɓallan sirrin da ake dannawa jini ya fito a Mortal Kombat. Sarkin Winning kai kuma baki ne da kai, ka zo.

Injiniya_Sabongari:
In tana aiki ba ta da ci sosai, inci 21 yawanci ba ta kai wat 100, amma lokacin kunnawa tana fizgar wuta da yawa na ɗan daƙiƙa, shi ne wannan "dum" ɗin da kake ji, ƙaramin inbata na iya yin ƙara ya mutu a nan. Ka kashe fanka da komai ka fara kunna ta ita kaɗai, in ta tashi sai ka bi da sauran. Tunda ta daɗe a ajiye ka fara kawo ta a buɗe a kakkaɓe a duba, ka turo hoton takardar da ke bayanta in ga ko tana karɓar NTSC.