Wa ya riƙe ɗan dako lokacin kulle?

Daga zauren WhatsApp na ƙungiyar ci gaban wani ƙauye da ke kusa da Wudil, bayan an ɗora sanarwar cewa za a sake zuwa ɗaukar sunayen masu ƙaramin ƙarfi.

Tsohon Akawu: Salamu alaikum. Na ga sanarwar, kuma ni dai zan faɗi tawa ko ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Wannan ɗaukar sunaye ɓata takalmi ne. Lokacin korona, da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 ana gab da kama azumi, wa ya ciyar da garin nan? Maƙwabci ne, da ɗan'uwa, da mai shagon da ya yi ta rubuta bashi a kwali. Kayan tallafin da aka yi ta yayatawa a rediyo, ba sai a watan Oktoba aka gan su jibge a rumbunan ajiya a wasu jihohi, jama'a na fasawa suna kwasa ba? Shekarata talatin da biyu ina riƙe da biro a ofis, na san yadda suna yake shiga takarda da yadda yake fita. Mu gyara zakkarmu da adashinmu da gayyarmu, mu daina miƙa wuya muna jiran Abuja.

Mai POS: Baba Akawu ya gama magana. A rufe zaure kawai.

Ɗan Dako: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, amma kai fa ko da aka kulle gari fanshonka bai san an kulle ba. Ni abin da na ɗora a ka ranar Juma'a a kasuwar Wudil, da ɗan lodin da nake samu sauran kwanaki, shi ne tukunyar gidana. Da aka fara sassautawa, Litinin da Alhamis aka bayar, kasuwarmu kuwa Juma'a take ci. Sati na biyu na sayar da akuyar maiɗakina. Sati na huɗu na kai baron da nake turi wajen wani, na karɓo kwano uku na masara. Baron nan bai dawo hannuna ba sai bayan babbar salla. Maƙwabcin da kake faɗa, direban a-kori-kura ne, shi ma a zaune yake. Ranar da na je masa, mun yi shiru muna kallon juna, sai dariya ta kama mu.

Uwar Adashi: Yaya Akawu, tunda ka ambaci adashi bari mai shi ta yi magana. Mu ashirin da huɗu ne a lokacin, zubin ɗari biyar duk sati. Masu ƙosai, masu awara, masu saƙar hula, mai kitso ɗaya. Adashi yana da daɗi idan mutum ɗaya ne gobara ta same shi ko haihuwa ta zo masa, sai a ce to wance ki ɗauka wannan satin. Amma da aka rufe makarantu aka hana tallar tasha, mutum goma sha bakwai ne suka zo ƙofar ɗakina a sati ɗaya, kowacce na son a ba ta ɗauka, babu wadda ta zo da zubi. Me zan raba musu, iska? Adashin ya mutu a hannuna, har yau akwai wadda ba ma gaisawa sosai saboda dubu uku. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, Yaya.

Tsohon Akawu: Hajiya, na ji, Allah ya kyauta. Amma adashi ƙaramin alhaki ne. Zakka fa? Da manoman garin nan suna fitar da ita yadda aka ce, da babu mai kwana da yunwa.

Na'ibi: Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan sa baki. Gaskiya ne ana ha'incin zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitarwa, ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban-ruwa kuma rabin haka, idan ya kai nisabi, wato wasaƙi biyar. Da yawa suna ɗibar ɗan abin da ba a rasa ba su ce sun fitar. Jihar nan ma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun zamanin Malam Shekarau. Amma a lura, zakkar hatsi da kaka ake fitar da ita. Kullen nan da bazara ya zo, rumbuna sun yi ƙasa, manomi na lissafin iri da taki. Wanda ya bayar da kaka shi ma a lokacin nema yake. Ban ce zakka ba ta da amfani ba, wa'iyazu billahi. Cewa na yi ba ta ɗauke wa shugaba nauyin da Allah ya ɗora masa.

Malamar Firamare: Ni ina ganin muna haɗa abu biyu ne a kwano ɗaya. Baba Akawu yana cewa rabon ya lalace, wannan babu musu. Amma a duba wa aka shirya wa tallafin tun farko. Shirin dubu biyar-biyar a wata na gwamnatin Buhari an yi shi ne don gidajen da suka fi kowa talauci, kuma da annoba ta zo aka haɗa musu na wata huɗu, dubu ashirin a dunƙule. Buhari da bakinsa ya ce a faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, a ƙasar da ake cewa ta haura mutum miliyan 200. To ɗan dako majiyi ƙarfi da yake samun na cefane kullum, ranar da masu rajista suka zo ba za a nuna gidansa ba, don ba shi ne mafi talauci a unguwa ba. Ga tsohuwa marar kowa, ga makaho, ga mai marayu. Sai ranar da kasuwa ta tsaya ya koma daidai da su cikin kwana uku, alhali sunansa ba ya ko'ina. Ba ya cikin ma'aikatan da ake yi wa maganar mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in, ba ya cikin gajiyayyu. A tsakiya yake rataye. Shi da mai wankin hula da mai faci da mai yankan farce da matan da ke tsintar shinkafa a masussuka.

Mai POS: Anti Malama, ai an yi na masu sana'ar hannu. Wanda aka ba teloli da direbobi dubu talatin.

Malamar Firamare: An yi, ƙanena. Ta ina ake cikewa? Ta intanet, da BVN da lambar asusu. Kai da kanka nawa ka karɓa a hannun mutane kana cike musu?

Mai POS: Ɗari biyu ne kacal, kuɗin data. Kar a ɓata min suna a zaure.

Ɗan Dako: Ni ɗari uku ka karɓa.

Tsohon Akawu: Ato, kun ga abin da nake faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku tuna aikin shara da gyare-gyaren nan na gwamnati, na mutum dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, guda 774, dubu ashirin a wata har wata uku. Mu a Kano ƙananan hukumomi 44, mutum dubu 44 ke nan. A garin nan wa kuka ga ya riƙe tsintsiya? Sunaye dai sun tafi. Bayan an cire tallafin mai a 2023 aka ce dubu ashirin da biyar sau uku ga gidaje miliyan goma sha biyar, ba a je ko'ina ba aka dakatar da ministar jin ƙai a Janairun 2024. Sau nawa za a sare mu a rami ɗaya?

Malamar Firamare: Baba, idan rijiyar gari ta yi ƙazanta yashe ta ake yi, ba a cike ta da ƙasa. Kuɗin nan ko mun shiga ko ba mu shiga ba za a fitar da su da sunanmu. Shirin NG-CARES na farfaɗo da jama'a bayan korona kaɗai da dala miliyan 750 aka fara shi daga Bankin Duniya, kuma rance ne, jikokinka za su biya. Abin da nake so shi ne mu riga su. Kowace sana'a a garin nan tana da shugaba: 'yan dako suna da nasu, masu babur suna da nasu, Hajiya ta san duk mai suya a unguwa uku. A rubuta sunaye yanzu da ake zaune lafiya, a karanta su da ƙarfi a ƙofar gidan mai gari bayan sallar Juma'a, kowa ya ji, mai ƙorafi ya yi. Ranar da aka zo da wata takarda daga sama, sai mu ajiye tamu kusa da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na'ibi: Wannan takardar ko kwamitin zakka zai amfana da ita.

Tsohon Akawu: 'Yata, kin iya tsara zance. Amma shugabannin sana'ar mala'iku ne? Na ga inda shugaban 'yan tasha ya rubuta matansa biyu a matsayin kwandastoci.

Uwar Adashi: Shi ya sa ta ce a karanta a bainar jama'a, Yaya. Wa zai yarda a kira sunan matarsa kwandasta a ƙofar mai gari? Ni dai sharaɗina ɗaya. Matan da ke cikin gida ba sa zuwa ƙofar fada. A karanta namu a islamiyyar dare, kuma kar a ce sai mai waya. Rabin matan adashina wayar miji suke bayarwa, kuɗi ya shigo ba su ji ƙararsa ba.

Ɗan Dako: Ni ko ba a ba ni ko sisi ba, a samo mana hanyar asibiti. Bayana ne jarina. Bara da ƙugu ya riƙe ni wata guda, wallahi ya fi min kullen zafi, don a kulle kowa na zaune, wannan kuwa ni kaɗai nake kwance ina jin motoci suna wucewa kasuwa.

Tsohon Akawu: Allah ya ƙara lafiya. Ni har yanzu ban sauka daga kan bakana ba, Abuja ba za ta riƙe kowa ba. Amma in rubutun ne, ku kawo min littafi mai layi babba da biro biyu, ja da shuɗi. Ba na yarda wani ya riƙe shi, musamman mai POS.

Mai POS: Haba Baba.

Uwar Adashi: Littafin ni zan saya. Kai kuma mai POS, zubin maiɗakinka na sati biyu bai iso ba.