Ina ajin SS2, ina son zama malamar firamare: da me zan fara shiri?

Ummi 'Yar SS2:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekaruna goma sha shida, ina aji biyu na babbar sakandare, kuma burina shi ne in shiga kwalejin ilimi in karanta fannin koyarwa a firamare. A gidanmu babu wanda ya taɓa bin wannan hanya, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka sani su faɗa mini abin da ya kamata in fara yi tun yanzu, kafin lokacin cike takardu ya zo.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Takardar da kike nema ita ce NCE, wato takardar shaidar malanta da kwalejin ilimi ke bayarwa, wadda ake yin shekara uku kafin a samu, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda mutum ya koyar da ita a Najeriya tun da aka daina tsohuwar takardar malanta ta Grade II irin tamu. Abin da za ki sa a gaba yanzu shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Na nanata Lissafi ne domin na ga yara da yawa masu son koyarwa suna guje masa, suna cewa ai su 'yan adabi ne, alhali malamin firamare ba ya zaɓen darasi. Ranar da aka ba ki aji uku, ke ce mai Lissafi, ke ce mai Hausa, ke ce mai Kimiyya.

Sai kuma abin da ba a koyarwa a littafi. Ki nemi Islamiyyar unguwarku ko ki tara ƙannenki da yamma, ki gwada koya musu karatu na rabin awa. Na taɓa karɓar wata ɗalibar kwaleji da ta zo gwajin koyarwa da sakamako mai kyau ƙwarai, amma da ta juya baya tana rubutu a allo, sai layinta ya riƙa gangarowa ƙasa, muryarta kuma ba ta wuce benci na biyu ba, kafin ta juyo yara sun fara jifan juna da alli. Sai da ta yi mako uku tana rubutu a allon ofishina bayan an tashi kafin hannunta ya miƙe. Da ta fara tun tana sakandare, da ba ta sha wannan kunya ba.

Malama Maman Hanif:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni zan ja hankalinki kan takardu, ƙanwata, domin a nan ne na kusa rasa shekara guda. Shiga kwalejin ilimi yana bi ta hannun hukumar JAMB, kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NIN da takardar haihuwa da rajistar da makarantarku za ta yi miki ta jarrabawar fita. Ni an rubuta mini Hauwa'u a wuri ɗaya, Hauwa a wani, kuma gyaran ya ci mini watanni da kuɗin mota ba kaɗan ba. Ki tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri, sannan ki karanta ƙasidar JAMB ta shekarar da za ki nema da idonki, saboda sharuɗɗa suna canzawa, kuma mai shagon intanet zai iya cike miki fannin da ba ki zaɓa ba idan kika bar masa komai. Ki saba da kwamfuta tun yanzu, ko da sau ɗaya ne a mako.

Wajen zaɓen makaranta, ki dubi nisa da wurin kwana. Akwai Kwalejin Isa Kaita a Dutsin-Ma, akwai ta Aminu Saleh a Azare, akwai kuma ta tarayya da ke Gusau wadda ta mata ce zalla, idan iyayenki za su fi samun natsuwa da hakan.

Malam Na Ƙauye:
Ni ina da ɗan saɓani da masu ƙarfafa ki ba tare da sun faɗa miki ɗaya ɓangaren ba. Bayan NCE akwai rajista da TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda sai an ci jarrabawarta, sannan a jira SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta ɗauki ma'aikata, kuma wannan jira yakan yi tsawo. Albashin ba shi da yawa, ajin da nake koyarwa kuwa ya fi ƙarfin bencinan da ke cikinsa. Ban faɗi haka don in karya miki gwiwa ba, 'yata, sai don ki je wata firamaren gwamnati ki roƙi izinin zama a bayan aji na kwana biyu ko uku a lokacin da kike da sarari, ki ga aikin da idonki kafin ki cike fom.

Ummi 'Yar SS2:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takarduna a daren jiya, kuma lallai shekarar haihuwata ta NIN ta bambanta da ta makaranta, don haka Babana zai raka ni ofishin masu NIN ranar Litinin.