Musayar baiti: Yamamoto na Japan da Nimitz na Amurka, kwamandojin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu

Mai Alƙalami:
Yamamoto nake waƙa, ku saurara,
Kwamandan ruwan Japan mai dabara.
Yatsu biyu ya rasa a Tsushima,
A 1905, yana tsakar fama.
Ya zauna Amurka, ya san ƙarfinta,
Ya ba da shawarar kar a yaƙe ta, aka ƙi jin ta.

Uwar Baiti:
Malam, gwaninka ya sa aka afka
Pearl Harbor, sansanin Amurka, kafin masu gida su farka.
Wata shida, a Midway ya gane
Nimitz ba abokin wasansa ba ne.
Manyan jiragen Japan huɗu masu dakon jiragen sama
Suka nutse, ina dabarar ma?

Ɗan Autan Zaure:
Allah ya ƙara basira, Hajiya! Kin gama da shi, wallahi.

Malam Aruli:
A yi haƙuri. Ɗango na biyar ya fi 'yan'uwansa tsawo, karin ya karye. "Sama" da "dabarar ma" kuma amsa-amon dole ne.

Ɗan Autan Zaure:
To Malam, "Tsushima" da "fama" fa? Ko don na ɓangarenku ne ba ka gani ba?

Malam Aruli:
Wannan ya zauna daram, yaro. Ƙirga gaɓoɓin da bakinka.

Mai Alƙalami:
Hajiya, Nimitz da kike kurantawa,
A 1908 ya sha tsawatarwa,
Ya kafe jirgi a taɓo yana ƙarami,
Kotun soja ta same shi da laifi.
Midway kuwa, sirri aka karanta,
Ba jarumta ba, saƙon Japan aka sata.

Malam Aruli:
"Ƙarami" da "laifi"? Kai ma ka yi tuntuɓe, Malam.

Uwar Baiti:
Na makara, ga amsarka.
Wanda ya faɗi ya tashi, shi ne gwani,
Ya yarda da masu fasa saƙo, ya sa a gani.
Sirrin nan dai shi ya kai gwaninka,
Bougainville, 1943, sai ka duba littafinka.
A sama aka tare shi, aka harbo jirginsa,
Nimitz kuwa ya ga 1945 da idonsa,
Ya sa hannu a kan jirgin Missouri,
Ranar da Japan ta ajiye kwari.

Mai Alƙalami:
Yamamoto mutum ne da ya ƙi yaƙin, ya yi shi don ƙasarsa, ya mutu a cikinsa. Ba zan bar shi ba. Baitina na tafe bayan la'asar.

Malam Aruli:
Kafin nan, Hajiya, "littafinka" ɗin nan ya yi wa ɗangon nauyi.