Neman shawara: an hana ajiye mota a layin masallacinmu saboda motar kashe gobara, amma jama'a sun ƙi dainawa

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ni ne sakataren kwamitin wani masallacin Juma'a a ɗaya daga cikin unguwannin Sabon Gari a nan Zariya, kuma akwai lamarin da ya sha mana kai, shi ya sa na kawo shi gabanku. Masallacin yana haɗe da makarantar Islamiyya mai bene, a bayansu kuma akwai ƙaramin asibitin unguwa, dukkansu kuwa layi guda ne yake kai mota gare su daga bakin titi. Bayan babbar salla jami'an hukuma suka zo suka duba wurin, suka bar mana takarda cewa wannan layi hanyar motar kashe gobara ce, saboda haka an hana ajiye mota ko kafa rumfa a cikinsa dare da rana, wanda ya saɓa kuma za a ci shi tara ko a ja motarsa.

Mun kafa allo, liman ya yi sanarwa bayan huɗuba, aka kiyaye na ɗan lokaci, daga nan kowa ya koma yadda ya saba. Ranar Juma'a motoci sukan yi sahu biyu, masu keke su tare bakin layin, masu turare da huluna su baza kayansu a ɗan abin da ya rage. Abin da ya fi yi mana nauyi shi ne wani dattijo maƙwabcinmu, wanda da kuɗinsa aka rufa makarantar, kuma motocinsa a layin suke kwana tun kafin a gina benen. Babu wanda zai iya duban idonsa ya ce ya kawar da su. Shin wannan doka tana da tushe, ko neman kuɗin shiga ne kamar yadda wasu suke faɗa? Mu kira hukuma ta kawo janwe, ko akwai hanyar lalama?

Wani tsohon ma'aikacin kashe gobara, daga Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Ɗana, dokar tana da tushe, kuma ina roƙonku kada ku ɗauke ta da wasa. Motar kwana-kwana faɗinta ya kai mita 2.5, sannan tana bukatar sarari a gefe da gefe domin ma'aikata su buɗe akwatunan jikinta su zaro mesa. A Ingila ƙa'idar gini ba ta yarda faɗin irin wannan hanya ya gaza mita 3.7 ba, a Amurka kuwa ƙafa 20 ake nema, wato kusan mita 6. Ka ɗauki abin awo ka gwada layinku bayan an ajiye mota ɗaya tak a gefe, za ka ga abin da ya rage da idonka.

Mutane sukan ce ai motar tana iya tsayawa a bakin titi a ja mesa zuwa ciki. Ana iyawa, amma kowane gaɓa na mesa sai an warware shi an haɗa da ɗan'uwansa, ƙarfin ruwa yana raguwa gwargwadon nisa, ruwan da ke cikin tankin kuma na 'yan mintoci ne, idan ya ƙare dole motar ta fita wata ta shigo. To ta ina za ta juya idan an toshe bayanta? Na sha tsayawa a bakin lungu muna busa jiniya, ana ta cigiyar mai mota ɗaya da ya kulle ta ya tafi, hayaƙi kuwa yana tashi a gabanmu muna kallo, kuma idan muka isa a makare mu jama'a suke jifa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, babbar kasuwar Jos da ta ƙone a 2002 kuma har yau ba ta koma yadda take ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai shafa wa naka ruwa ake yi, balle ku da kuke da yara a saman bene ga hunturu yana tafe.

Kada ku tsaya a kan motoci kaɗai. Ku ɗaga kai ku dubi wayoyin lantarki da suka sauko da bakin rumfunan kwano, domin motar tana bukatar sararin sama na kusan mita 4. Ku dubi murfin kwalbatin da ke mashigar layin, don mota cike da ruwa takan wuce tan 10, kuma siririn kankare ba zai ɗauke ta ba. Shawarata ita ce ku rubuta wa ofishin kashe gobara ku roƙi su kawo motar ranar Juma'a bayan an idar da salla, ta gwada shiga a gaban kowa. Wanda ya ga ta maƙale a bayan motarsa ba zai sake bukatar allo ba.

Wani mai tuƙa keke:

Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Amma Malam sakatare, ina so ku dubi namu ɓangaren. Mu ba don raina doka muke tsayawa a bakin layi ba, nan ne fasinja yake fitowa, kuma yawancinmu balas muke kai wa masu keken kowace yamma. Idan aka ce mu tashi ba a nuna mana inda za mu koma ba, gobe za mu dawo, ko wasu su maye gurbinmu. Ku nemi shugaban tasharmu na wannan yanki ku zauna da shi, ku ware mana wuri ko da taku hamsin ne gaba da mashigar, mu da kanmu za mu hana baƙin direbobi tsayawa. Abu ɗaya nake tsoro, kada a kama keken talaka a bar motar Alhaji tana kwana a wurin, domin ranar da aka yi haka dokar ta mutu.

Wata lauya:

Malam, akwai abin da ya kamata kwamitinku ya rarrabe. Kwamitin masallaci ba shi da ikon cin tara, ko sace iskar taya, ko ɗaure motar wani da sarƙa, kuma idan matasanku suka yi haka ku ne za ku amsa ƙara. Aiwatar da dokar hanya a jihar Kaduna aikin jami'an KASTLEA, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, ne da 'yan sanda, batun rumfuna da gine-ginen da suka ci hanya yana hannun KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota. Ku koma ofishin da ya ba ku takardar ku nemi a rubuta muku sashen dokar da aka dogara da shi, da iyakar wurin da hanin ya shafa daga ina zuwa ina, da adadin tarar da asusun gwamnatin da ake biyanta. Wannan zai rufe bakin masu cewa neman kuɗi ne, zai kuma kare jama'arku daga duk wanda zai zo ya karɓi kuɗi a hannu babu rasit. Ku ajiye kwafin takardar da hoton allon da kuka kafa, saboda idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, za a tambayi abin da kuka yi bayan an gargaɗe ku.

Wani malamin Islamiyya, daga cikin Birni:

Game da dattijon nan, kada ku aika masa yaro, kuma kada a ambace shi a lasifika ko da da habaici. Liman da mai unguwa su same shi a gida bayan sallar isha'i, su fara da godiya a kan rufin da ya yi, sannan su nuna masa cewa yaran da ke ƙarƙashin wannan rufi su ake son karewa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci masu zama a bakin hanya su ba hanya haƙƙinta, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ku roƙe shi ya zama uban wannan aiki, kuma kafin ku je ku riga ku samo masa inda motocin za su riƙa kwana da mai gadi. Mu mutanen Birni ba mu manta da ranar da wani sashe na Masallacin Juma'a na Ƙofar Fada ya rufta ana sallar la'asar a watan Agusta na 2023 ba, mun san yadda ake neman hanyar fitar da wanda ya ji rauni cikin gaggawa.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Ina goyon bayan Malam. Ku tuna cewa gobara takan daɗe ba ta zo ba, amma mai naƙuda kullum tana tafe, kuma na sha karɓar mace da aka sauke a bakin titi aka tallabo ta da ƙafa saboda mota ba ta iya shiga. Ku sa matan unguwa cikin maganar ta hannun malaman Islamiyyar matan aure, ku kuma rubuta lambar gaggawa ta 112 da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a jikin bangon makarantar da manyan baƙaƙe.

Mai neman shawara:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa shugaban kwamiti amsoshinku, mun tsayar cewa liman da mai unguwa za su fara ganin Alhaji, sannan mu nemi makarantar firamaren da ke tsallaken titi ta ba mu aron filinta ranar Juma'a, 'yan agaji su riƙa nuna wa masu motoci hanya. Saura tambaya ɗaya ga Baba: wasu sun kawo shawarar mu gindaya sarƙa da kwaɗo a bakin layin, ko hakan ya dace?

Tsohon ma'aikacin kashe gobara:

Kwaɗo kam a'a, ɗana, domin ranar da ake bukatar mabuɗin za a tarar mai riƙe da shi ya tafi Samaru ko yana barci. Ku sa ƙarfe mai ɗagawa wanda mutum ɗaya zai iya ɗaga shi da hannu, ku shafa masa fenti ja da fari yadda za a gan shi da dare, kuma kafin ku kafa shi ku nuna wa jami'an da suka ba ku takardar wurin da zai tsaya su amince.