Bayan ƙara amfilifaya ta waje: Small ko Large kuka bar sifikokinku?

Baban Ummi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina so duk wanda ya taɓa haɗa amfilifaya ta waje da risibarsa (na'urar da ke raba sautin fim ga sifikoki) ya faɗa mana yadda ya yi da saitin girman sifika, da abin da kunnensa ya ji bayan haka.

Nawa tsarin 5.1 ne, wato tasha biyar ta sifikoki da tasha ɗaya (.1) ta bes, sautin ƙasa mai kauri. Dogayen sifikoki biyu a gaba, kowace da wufa (faifan da ke fitar da sautin ƙasa) biyu masu inci 6.5, sai ta tsakiya, biyu a gefe, da sabwufa (sifikar bes zalla) ɗaya mai inci 12. Na ƙara amfilifaya mai wat 200 a kowane ɓangare domin na gaban kaɗai, na ɗauko mata sauti daga ramukan pre-out, inda risiba ke fitar da sauti kafin a ƙara masa ƙarfi. Da na sake awon da risibar ke yi da makirufonta domin daidaita sifikoki, sai ta ajiye na gaban a Large. Wanda ya taya ni haɗawa ya ce in bar su haka, tunda yanzu ƙarfi ya samu, mayar da su Small asarar amfilifayar ce. Amma abin da nake ji ya hana ni natsuwa: a kujerar da ke jikin bango bes ya yi yawa har yana toshe kunne, a tawa kujerar ta tsakiyar ɗaki kuwa kamar an zare shi.

Injiniya

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Irin tsarinka nake da shi, kuma na gabana suna kan Small, kurosoba (iyakar da ake raba sauti tsakanin sifika da sabwufa) 80 Hz, duk da amfilifayar waje. Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sautin ƙasa.

Saitin nan ba ya tambayar ƙarfin amfilifaya. Abin da yake tambaya shi ne: sautin ƙasa na wannan tashar ina za a kai shi? In ka ce Large, komai ya tafi sifikar, har 20 Hz in fim ɗin yana da shi. In ka ce Small, abin da ke ƙasa da kurosoba a miƙa wa sabwufa. Rabon nan kuma a cikin risiba ake yin sa, kafin sauti ya fita ta pre-out, don haka amfilifayarka tana karɓar abin da aka riga aka tace ne.

Abin da mai taya ka haɗawa bai duba ba shi ne fatar wufar kanta. Domin ta fitar da ƙara iri ɗaya, duk lokacin da lambar Hz ɗin sauti ta sauka da rabi, motsin da za ta yi gaba da baya sai ya ninka huɗu. Abin da take yi a 80 Hz, a 40 Hz sau huɗu ne, a 20 Hz sau goma sha shida. Wufa mai inci 6.5 tana da iyakar inda take kaiwa, kuma wat 200 ba ya tsawaita mata wannan iyaka, sai dai ya kai ta can da sauri. Ƙara wa jaki harawa ba ya sa ya ɗauki kayan raƙumi. In kuma akwatin sifikar mai rami ne, ƙasa da Hz ɗin da aka daidaita ramin a kai, fatar ba ta da abin da ke tallafa mata, za ka gan ta tana ta rawa ba sautin kirki. Ni na cire murfin gaba na zuba ido lokacin fashewar bam a fim, a Large sannan a Small. Bambancin a ido ma ake ganin sa. A kunne kuwa, abin da ya fi burge ni ba bes ba ne, muryoyi da kiɗa ne suka washe, saboda wufar da ke fitar da sautin tsakiya (tsakanin bes da siririn sauti) ta huta da wancan dogon motsi.

Game da ƙarfi, daga wat 100 zuwa 200 ƙarin 3 dB (ma'aunin ƙara) ne kawai. Ana jin sa, yana da amfani, amma ba ya canza abin da sifika take iyawa a ƙasa.

Alhaji Mai Faifai

Injiniya, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma ni nawa suna Large kuma ina jin daɗinsu.

Sifikokina tsofaffi ne manya, kowace da wufa mai inci 12. Yawancin abin da nake saurara kiɗa ne na tasha biyu, fim sai jefi-jefi. Igiyar ƙasa ta gitar bes 41 Hz take, kuma sifikokin nan suna kaiwa nan ba tare da wahala ba. Da na gwada Small, sautin ya rabu biyu a kunnena: saman kayan kiɗan yana fitowa daga gaba, gindinsa yana biyo baya daga kusurwa. Watakila sabwufar tawa ce ba ta kai darajar sifikokin ba, wannan zan yarda. Sai dai mutum da abin da ke ɗakinsa yake yanke hukunci.

Abin da amfilifayar waje ta yi mini a fili yake. A da in na ɗaga murya a Large, risibar kan yi zafi sosai, sautin ya bushe. Yanzu wannan ya kau.

Injiniya

Alhaji, abin da ka faɗa na ƙarshe shi ne ainihin gaskiyar da ke cikin maganar masu cewa Large. Dalili ɗaya na saka Small shi ne a rage wa amfilifayar cikin risiba nauyi, musamman mai ciyar da tasha biyar ko bakwai daga tiransifoma ɗaya. Wannan dalilin amfilifayar waje tana kawar da shi. Sauran dalilan suna nan, kuma naka sifikokin ba irin na Baban Ummi ba ne.

Akwai hanyar da za ka samu biyun. Ka bar saitin a Small domin fim, in za ka ji kiɗa ka danna Direct ko Pure Direct. A yawancin risiba wannan yana tsallake rabon bes ɗin ga kiɗan tasha biyu, ya ba na gaba sautin gaba ɗaya.

Maman Sadiq

Ni tawa matsalar ta ɓangaren ƙanana ce. Sifikokina na kan teburi ne, wufa inci 5, kuma suna kusa da bango. Awon risiba ya ba su Large. Na yi mamaki, har maigidan ya ce ai na'ura ta fi mu sani. Daga baya na gane bangon ne ya kumbura musu bes, makirufo ya ɗauka su ne ke da shi.

Na mayar da su Small. A 80 Hz muryar maza a fim ta yi siriri, kamar an rage mata ƙirji. A 120 Hz kuma sai na fara gane inda sabwufar take, murya tana leƙowa daga gefen kujera. A 100 Hz na tsaya. Sifikar tsakiya ma 100, na gefe 120 domin su ƙanana ne ƙwarai. Amfilifayar wajen da muka ƙara ba ta sa na sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobin ba.

Ga masu risiba mai tsarin awo na Audyssey, kamar Denon da Marantz: za ka iya ɗaga kurosoba sama da abin da awo ya ba ka, amma kada ka saukar ƙasa da shi, domin gyaran da ya yi bai kai can ba.

Ɗan Autan Sauti

Yayyena, ni ba ni da sabwufa tukuna. Da na ce wa risiba babu, da kanta ta kulle na gaba a Large, ta tura musu bes ɗin ta tsakiya da na gefe. A irin halina babu zaɓi, kuma a nan ne amfilifayar waje ta fi nuna amfaninta. Ina dai rage murya in fim ya zo wurin fashe-fashe.

Malam Mai Awo

Baban Ummi, abin da ka kwatanta na kujeru biyu aikin ɗaki ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa na koma Small.

Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Tsawon zango ɗaya na 80 Hz ya ɗan haura mita 4, na 40 Hz ya haura mita 8 da rabi. Wato sun kai girman ɗakin ko sun fi shi. Suna bugun bango su dawo su haɗu da masu tahowa, a wani wuri su taru su yi yawa, a wani su kashe juna. Ɗaki mai tsawon mita 5 yana da irin wannan a wajen 34 Hz: jikin bango ya cika, tsakiyar ɗaki ya zama rami. Ko wat dubu ka zuba, ramin nan ba ya cikewa, domin abin da ya dawo daga bango ma ƙaruwa yake yi daidai da abin da ka ƙara.

Sifikokin gaba dole su zauna hagu da dama na talabijin, ba ka da ikon kai su inda bes ya fi kyau. Sabwufa kuwa za ka iya yawo da ita, tunda ƙasa da 80 Hz kunne ba ya saurin gane inda sauti ya fito. Wannan na cikin abin da ya sa THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin sinima, ta tsayar da 80 Hz. Ni na ɗora sabwufar a kan kujerata, na kunna bes, na bi jikin bango a durƙushe ina saurare, inda ya fi daidaita nan na ajiye ta.

Sannan na auna da makirufon awo UMIK-1 da manhajar REW mai zana layin ƙarfin sauti. A Large layin ya yi tudu da kwari sosai ƙasa da 60 Hz. A Small ya fi kwanciya, amma sai wani rami ya bayyana a daidai 80 Hz, inda sifika da sabwufa suke miƙa wa juna. Alhaji, ina zaton wannan ne ka ji a matsayin rabuwar sauti. Maganinsa a saitin nisan sabwufa yake. Na riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan ina sake awo har ramin ya rufe. Kowane santimita 34 daidai yake da jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kuma in ka ga awo ya ba sabwufa nisan da ya fi na tef, kada ka mayar da shi na tef, jinkirin da ke cikin na'urarta ne aka lissafa.

Abban Khalifa

Ni na bi ta tsakiya na wani lokaci: na gaba Large, sannan na kunna saitin da ke kwafa wa sabwufa bes ɗinsu. Denon da Marantz suna kiran sa LFE+Main, Yamaha Extra Bass, Onkyo Double Bass. Daren farko ya burge ni, ɗaki na girgiza. Da na zauna da shi sai na lura duk wani bes sauti ɗaya yake yi, ganga da tsawa da ƙarar mota sun zama abu guda, kuma ina ta ƙara murya don in ji magana. Wurare uku ne ke fitar da sauti ɗaya a lokuta mabambanta, wani ya ninku, wani ya ɓace. Na kashe shi.

Abu biyu da nake ganin ana rikitawa. Saitin da ake kira LPF for LFE ba kurosobar sifika ba ce, ta tashar .1 (LFE) ce kaɗai, wadda ke kaiwa 120 Hz, a bar ta a 120. Sai maɓallin kurosoba da ke bayan sabwufa: a murɗa shi ƙarshe ko a yi amfani da ramin LFE, kada a tace sauti sau biyu.

Baban Ummi

Na gode ƙwarai. Na mayar da na gaba Small a 80 Hz, na janye sabwufar daga kusurwa zuwa gefen gaba. Bambancin kujerun biyu ya ragu sosai kuma magana ta fi fita. Sai dai gaba ɗaya bes ɗin ya fi na da sauƙi. Haka ya kamata ya zama, ko akwai abin da na bari?

Injiniya

Duba abu biyu. Na farko, ka sake awo bayan ka matsar da sabwufar? Nisa da ƙarfin da ke ciki na tsohon wurin ne, kuma kusurwa tana ƙara mata ƙara. Bayan sabon awon ka leƙa saitin girman, domin yana iya komawa Large. Na biyu, duba lambar ƙarfin kowace tasha. Amfilifayar waje ba lallai ta ɗaga sauti daidai da ta cikin risiba ba, shi ya sa ake sake awo da zarar an haɗa ta. In ka ga wata tasha ta kai maƙura, kamar -12 dB, ba a daidaita ta ba ke nan. In sabwufa ce, rage maɓallin bayanta ka maimaita.

In duk wannan ya yi daidai, to tudun da ka saba ji ne ya tafi. Mutane da yawa suna ƙara wa sabwufa 2 ko 3 dB bayan awo, ni ma haka na yi, kuma ta cikin risiba ake ƙarawa. Tunda dogaye ne sifikokinka, gwada 60 Hz ma ka kwatanta da 80 a wurin fim ɗaya da ka sani sosai.

Alhaji Mai Faifai

Malam Mai Awo, na taɓa nisan sabwufar kamar yadda ka ce, da kunne kawai domin ba ni da makirufon. Rabuwar ta ragu ƙwarai. Yanzu fim yana kan Small a 60 Hz, kiɗa yana kan Direct. A kiɗan har yanzu na fi son manyan su kaɗai.

Ga mai shirin sayen amfilifaya ta waje domin bes, shawarata ya fara duba sabwufarsa. Da zarar ka ce Small, bes ɗin tasha biyar da na .1 duk a kanta za su sauka. In ƙarama ce mai inci 8 kuma sifikokin gabanka sun fi ta kaiwa ƙasa, Small zai rage maka sauti ne. A irin wannan halin sabwufa mafi girma, ko ta biyu a wani gefen ɗakin, ita ce za ta fara canza abin da kake ji.