Yayana jininsa ba ya tsayawa, kuma an ce sai an yi masa aikin huhu

Salamu alaikum 'yan uwa. Yayana yana da himofiliya A, ciwon gado da ke hana jini daskarewa, tun a wurin kaciya aka gane, kuma kawun mahaifiyarmu ma zubar jini ce ta yi ajalinsa. Ya daɗe yana tari ana ba shi maganin tibi, yana ta ramewa, kasuwa ma ya daina fita. Yanzu hoton ƙirji da gwajin tsoka sun nuna ciwon daji ne a huhun dama. Likita ya ce a cire kashi ɗaya cikin ukun huhun. Inna ta ce ba mai yanka mata ɗa. Na riga na karɓi ranar aiki. Don Allah ya zan yi?

Maman Sadik: Allah ya ba shi lafiya. Mijina ma haka suka yi ta ɗura masa maganin tibi a banza, har yau ba wanda ya ce mana yi haƙuri.

Baban Hafsa: Ki tara masu ba da jini kawai, 'yar uwa.

Malam Sani: Jini ba ya wadatarwa. Abin da jikinsa ya rasa shi ne Factor VIII, sinadarin da ke taimaka wa jini ya daskare, wanda ake bayarwa ta allura. Kafin a sa wuƙa sai an ɗaga shi zuwa kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari na mai lafiya, a ci gaba da allura kusan mako biyu, don cikin awa 12 rabinsa ya tafi. An gwada ko jikinsa yana yaƙar allurar? Idan likitan jini bai zauna da mai tiyata ba, kada ki yarda. Kuma ban da asfirin, ban da diklofenak.

Mai tambaya: Malam, ai ba na wasa da ran Yaya. Likitan ya ce komai zai daidaita, kuma mutum ne mai kirki.

Malam Sani: Kwalba nawa ta Factor VIII ke hannunku? Ki tuntuɓi ƙungiyar masu himofiliya, Haemophilia Foundation of Nigeria, tun yau.

Hajiya Binta: Ni dai a tambayi gashin rediyo, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, ba kowane ƙari ake yankawa ba. Kuma maganar uwa ba abin yarwa ba ce.

Malam Sani: Hajiya, wannan matakin cutar ne zai nuna.

Mai tambaya: Ɗage ranar nan ba zai yiwu ba, da ƙyar na same ta, kuma ƙarin ba jiranmu yake ba. Ku dai faɗa min yadda zan shawo kan Inna.

Maman Sadik: Shi Yayan naki me ya ce?